Keken Da Kawu Ya Hana Aro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba bayan la'asar Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, yana zaune kan kujerarsa ta roba a ƙofar shagonsa na gyaran keke da ke unguwar Ulaisha a birnin Riyad. Basudanen da ke sayar da wake da burodi a shagon da ke manne da nasa shi ya fara lura. Ya ce ya kawo masa shayi kamar kullum, ya yi masa magana sau biyu, a na uku ya ajiye kofin a ƙasa ya dafa kafaɗarsa. Da ya kira ni a waya bai iya haɗa zance ba, "Kawu, Kawu" kawai yake ta maimaitawa, don shi ma da wannan sunan ya san shi. Duk layin haka suke kiransa, har 'yan Bangaladash masu kai cefane gidaje, waɗanda na tabbata sun ɗauka sunansa ne na yanka.

Washegari aka yi masa sutura. 'Yan uwanmu direbobi da leburori sun zo, wasu sun baro aiki ba izini. Wani tsohon tela Bayamale da ban taɓa ganin sun yi hira da Kawu ba ya yi kuka har sai da aka riƙe shi. Masu kai cefanen nan suka jera kekunansu a gaban rufaffen shagon, suka tsaya shiru, ba su san abin da ake faɗa a ta'aziyyarmu ba, mu ma ba mu san tasu ba. Matar Kawu da na kira ta a Zariya tambaya ɗaya ta yi min, wai ya ci abinci ranar? Na ce ya ci, ko da yake ban sani ba. Inna, mahaifiyata, kuwa ba ta yi kuka a waya ba. Ta yi masa addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "To kai fa, wa ya rage maka a can?"

Wannan tambayar ta taɓo abin da nake ɓoyewa tun a maƙabarta. Ana zuba wa Kawu ƙasa, ni kuma rabin hankalina yana kan ranar Asabar. Ranar ce zan yi jarrabawa ta biyu kuma ta ƙarshe ta neman takardar shaidar jagorancin masu hawan keke a tsauni. In na faɗi, kamfaninmu zai buga min fita ta ƙarshe a iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, in tattara in koma gida da 'ya'ya uku suna jiran abin da zan aiko. Keken da zan yi jarrabawar da shi yana kulle cikin shagon mutumin da muke binnewa. Na ji kunyar wannan tunanin a lokacin, har yanzu ma ina jinta, amma na yi alkawarin ba zan yi wa Kawu ƙarya a rubutun nan ba.

Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, da tabarau da ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da wayar birki. Ya daɗe a Riyad har ya daina ƙirga shekarun, amma Larabcinsa bai wuce na gaisuwa da sunayen kayan keke ba, sauran da hannu yake ƙarasawa. In ka kawo masa keke ba ya tambayar ka abin da ya lalace. Sai ya ɗaga tayar baya, ya juya feda, ya kara kunne kusa da sarƙa ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. In ka fara bayani ya ɗaga maka hannu, ya ce ka bari mai ciwon ya yi magana da kansa. Kuma keke ba ya barin shagonsa sai ya hau shi da kansa ya zagaya masallacin unguwa ya dawo, ko da faci kawai ya yi. Ka ga tsoho da farin gemu kan keken yara mai ƙaho ruwan hoda, gwiwoyinsa har kunne, yana tafe fuska a ɗaure. Mutanen layi sun saba, baƙo ne kawai ke tsayawa kallo.

Tsauni kuwa bai taɓa hawa ba. Tsoron bisa yake yi, ko gadar masu tafiya a ƙafa ba ya bi, gara ya yi doguwar tafiya ya tsallaka ta ƙasa. Da na fara ba shi labarin inda muke kai baƙi, sai ya riƙe haɓa ya ce Allah ya shimfiɗa wa mutane ƙasa lafiya lau, su kuma sun biya kuɗi a kai su inda za su faɗo.

Shi ya yi min hanyar zuwa ƙasar nan. Kafin nan acaba na yi a Zariya shekara tara, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai "ɗan acaba". Aikin da na samu na tuƙi ne a wani ƙaramin kamfani mai fitar da baƙi yawon keke. Da asubar fari nake loda kekuna a bayan mota, in kwashi mutane, yawanci Turawa ma'aikata da matasan Larabawa, in kai su kwarin da ke bayan Dir'iyya ko kuma tsaunukan da ke yamma da gari. Jagoran gaba ɗan ƙasa ne, shi ke da lasisi. Da baƙi suka yi yawa aka ga ana buƙatar mai rufe baya, wanda zai bi ayari da famfo da akwatin magani ya tattaro masu rauni. Mudir, wato manajan kamfanin, ya dube ni ya ce ai ka yi babur, hau. Ni kuma na roƙa wa Kawu aikin gyaran kekunan kamfanin, aka ba shi.

Satin farko na faɗi sau huɗu. Kowace faɗuwa iri ɗaya ce: da na ji tsoro a gangara sai keken ya kafe hanci a ƙasa ya cillo ni ta gaba. Na zo wa Kawu da gwiwa a kuje, ya sa ni na riƙe kan keke na nuna masa yadda nake yi. Bai kalli keken ba, hannuwana ya kalla. Sai ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce hannun hagun ɗan acaba kulochi ya sani, in abu ya taso gaba ɗaya yake damƙewa, hannun dama kuma shi ne mai ladabi, don shi ya saba lallaɓa birkin gaba. Kekunan nan kuwa an ɗaura musu birkin gaba a hagu, na baya a dama. Wato duk sanda na firgita, sai in danne tayar gaba da duk ƙarfina ina zaton kulochi ne. Kafin sati ya zagayo ya juya birkin keke mai lamba bakwai, wanda nake hawa, ya mai da na gaba dama kamar yadda muka saba a gida. Bai gaya wa kamfani ba, don a ganinsa ba wani abin faɗa ba ne. Ni ya gaya wa. Daga ranar ban ƙara faɗuwa a kansa ba.

Akwai wata gangara a tsaunukan yamma da mu ma'aikata muke kira Maƙogwaro, saboda ƙuncinta. Dutse ta dama, rami ta hagu, tsakuwa a ƙasa mai gudu ƙarƙashin taya. Wata safiya cikin sanyi, muna gab da ita, tayar wani baƙo ta yage yagewar da faci ba ya yi mata magani. Injiniya ne, dogon Bature mai fara'a, shi kaɗai ne a ayarin ya tambayi sunana. Mota tana can ƙasa da nisa. Ban yi wani tunani ba, don a gidanmu ba a barin baƙo ya taka da ƙafa mai gida yana bisa abin hawa. Na ɗaga masa sirdin lamba bakwai na miƙa masa, ya yi godiya har da dafa ƙirji. Na tsaya riƙe da nasa keken ina kallon bayansa yana shiga gangarar, kuma sai da ya kai tsakiya sannan abin ya faɗo min a rai. Na buɗe baki in yi ihu, na rasa da wane yare zan faɗa.

Ya damƙe dama, yana zaton birkin baya ne. Har yau ina jin ƙarar hular kwanonsa a kan dutse. Da na isa gare shi yana kwance rigingine, baki duk jini, idonsa a buɗe, yana ta maimaita cewa ba ya jin ƙafafunsa. Na durƙusa na riƙe kansa yadda jagora ya ce, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, jikina yana rawa har kansa yana motsi a hannuna, jagoran yana daka min tsawa in tsaya cak. Kafin masu agaji su iso ya fara motsa yatsun ƙafa. Ƙashin kafaɗarsa ya karye, haƙora biyu suka fita, amma ya tashi. Allah ne ya rufa mana asiri.

Kwana biyu bayan haka mudir ya kira ni ofis. Lamba bakwai yana jingine da bango, an riga an gano abin da ke jikinsa. Ya tambaye ni ko na san an juya birkin. Na sunkuyar da kai, ina jin zufa tana bin bayana. Ina cikin wannan hali aka turo ƙofa, sai ga Kawu cikin babbar rigarsa ta Juma'a, a ranar da ba Juma'a ba. Ya yi sallama, ya nuna keken, ya nuna ƙirjinsa, ya ce da guntun Larabcinsa shi ya yi. Mudir ya nuna ni ya ce wannan fa, ya sani? Kawu ya miƙa masa tafukan hannunsa biyu, baƙaƙe da mai, ya ce, "Waɗannan suka yi aikin. Su za ka tambaya." A ranar aka karɓe gyaran kekunan daga hannunsa. Ni aka bar ni da gargaɗi, don an ɗauka ban sani ba, ni kuma ban gyara musu zaton ba.

Mai hankali godiya zai yi. Ni da muka koma Ulaisha faɗa na kama shi da shi, a gaban Basudane da duk wanda ke wucewa. Tsoron da ya cika min ciki ne ya fito ta baki. Na ce ya kusa sa ni kisan kai. Na ce nan ba Tudun Wada ba ce da kowa zai yi wa keke abin da ya ga dama, mutanen nan da ilimi suka ƙera abinsu. Na ce masa ƙauyanci ne. Wannan kalmar na faɗa wa yayan mahaifiyata, mutumin da ya ajiye abincinsa awa ɗaya da ta wuce don nawa ya tsira. Ya bar ni na gama, yana ninke babbar rigar a hankali yana sa ta a leda. Sannan ya ce, "Ka gama? To zauna ka sha shayi, tun safe ba ka ci komai ba." Ban zauna ba. Fiye da wata huɗu ban taka layin ba.

Haɗarin ne ya sa kamfani ya ɗauko masu horarwa, aka ce duk mai bin ayari sai ya sami takardar shaida, dama biyu kacal, wanda ya rasa ba shi da aiki. Karatun bai ba ni wahala ba. Na koyi ɗaurin karaya da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, na koyi karanta taswira, da lissafin ruwan da ayari zai sha, da duba keke kafin a hau, da yadda ake tsayar da mutum goma a hanya ba tare da na baya ya hau na gaba ba. Abin da ya gagare ni shi ne sashen ƙarshe, saukowa Maƙogwaro a bayan ayari mai jarrabawa yana kallo. Na sayi keke na hannu don kaina, na rantse birkinsa zai zauna yadda masu shi suka yi shi, ni ne zan canza. Wata huɗu ina horar da hannun hagu. Ina tuƙa mota ina matsa sitiyari da yatsa ɗaya, ina cin abinci ina matsa gwiwata. A fili na iya sarai. Amma da mun doshi bakin gangarar sai yawu ya ƙafe min, in riƙa ganin dogon Baturen nan kwance a inda ya kwanta. A jarrabawar farko na kai tsakiya, tsakuwa ta zame, hannun hagu ya yi abin da ya saba. Na tashi da tsagaggen leɓe, mai jarrabawa ya rubuta abin da ya rubuta.

Inna ce ta mai da ni shagon. Ta ce in ban je na gaishe da yayanta ba kada in ƙara kiran wayarta. Na je ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya, da na isa ya ɗago ya ce, "A'a, ɗan acaba, wa ya fasa maka baki?" Ya tura min kujera da ƙafa. Shi ke nan, ban haƙurin bai fito ba, na ce a raina sai wani lokaci.

A zuwan nan na tarar ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Ya rataye tsohon faranti na ƙarfe a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo karɓar keke sai ya sa shi ya hau ya gangara layin a hankali, in ya juya baya sai ya maka wa farantin sifana. Mutum ya firgita ya damƙe birki, Kawu kuwa idonsa na kan hannun. Masu kai cefane sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Basudane ya ce sau biyu yana zubar da shayi saboda farantin nan. Da na tambayi Kawu dalili ya ce da can keke kawai yake saurara, bai san mai keken ma sai an saurare shi ba, kuma in ka tambayi mutum wane hannu yake birki da shi zai gaya maka wanda ya karanta, faranti ne ke fito da na gaskiya. Bai taɓa ambaton Baturen da ya faɗi ba, amma na lura ya daina dariyar nan tasa mai zame masa tabarau.

Ranar Litinin ta satin da ya rasu na kai masa kekena ya duba min kafin jarrabawa. Na ja masa kunne, cikin ladabi wannan karon, cewa kada ya taɓa birki, na riga na saba da na Turawa. Ya ce to. Ya ce in ɗan hau ya ji ƙarar sarƙa. Na san da farantin, ina jiransa ma, amma ya ƙi bugawa. Na je ƙarshen layi na dawo, na sake zuwa na dawo, har na saki jiki ina gaisawa da tela. Nan ya maka shi. Tayar baya ta ɗaga sama, da ƙyar na dire ƙafa. Na yi dariyar borin kunya na ce ai ba shiri na yi ba. Bai yi dariya ba. Ya karɓi keken ya ce, "Bar shi nan, ka zo Alhamis." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Basudane ya ba ni makullin shagon. Warin mai da roba yana nan yadda yake, tabarau yana kan teburi. Kekena na rataye a ƙugiya, an wanke shi tas. Na sauke shi, na matsa dama don in ji birkin baya, sai tayar gaba ta kafe. Gabana ya faɗi. Ashe Kawu ya juya birkin. Ya ɗaura jan zare a hannun birkin dama, kuma a jikin ƙarfen keken, da farin fenti da rubutunsa mai karkata, ya rubuta BA A ARO, a ƙasa kuma da Larabci, wanda daga baya na ji tela ne ya rubuta masa a takarda ya kwafa.

Na zauna kan kujerarsa. Haushi ya fara zuwa, sannan tsoro ya kore shi. Wata huɗu ina koya wa hannuna abu ɗaya, yanzu saura kwana ɗaya an mai da ni inda na fito. In hannun ya riga ya koyi rabi fa? In na isa tsakiyar Maƙogwaro dama ta damƙe kamar ta Baturen nan? Kuma wannan shi ne ainihin abin da ya karya mutum, mai jarrabawa zai duba keken, mudir zai kasance a wurin. Kayan aiki suna gabana, na iya mayarwa, aikin awa ɗaya ne. Na ɗauki sifana ma. Sai Basudane ya leƙo ya ga abin da nake shirin yi. Ya ce ranar Talata tun safe Kawu yake kan keken nan, hannunsa na rawa, sau biyu man birki yana zubewa yana sakewa, har ya ƙi karɓar aikin kowa. Ya ce ya tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa, Kawu ya ce masa, rabi da baki rabi da hannu, "Bakin ɗan acaba ne ya koyi na Turawa. Hannun yana nan a Zariya."

Na ajiye sifanar. Ba don na yarda ba, don na rasa wanda zan yi wa gardama ne.

Asabar da sassafe muka taru a saman tsaunin. Mutum shida aka ba ni a matsayin baƙi, ma'aikatan wani kamfani ne da suka ba da kansu. Mai jarrabawa, wani siririn mutum marar yawan magana, ya bi kekuna ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan nawa ya matsa dama, ya matsa hagu, ya karanta rubutun, ya ɗago ya tambaye ni dalili. Mudir yana tsaye taku uku daga inda nake. Na ji irin zufar ranar ofis tana sauko min, kuma na san yau ba mai turo ƙofa. Na gaya masa komai, acaba da kulochi da lamba bakwai. Na ce ranar da baƙon nan ya faɗi na san an juya birkin, mantawa na yi na ba shi, tsohon da aka kora ya rufa min asiri ne, kuma shekaranjiya muka binne shi. Ban kalli mudir ba. Mai jarrabawa ya ce akwai ƙasashen da haka suke ɗaura nasu, ba laifi ba ne, laifin shi ne a ba wanda bai sani ba. Sannan ya tambaye ni yadda zan san hannun baƙona.

Na ɗauko farantin Kawu, wanda na taho da shi daga shago, daga jakata. Wallahi da kunya na fito da shi. Na sa mutum shidan suka hau suna zagaya fili a hankali, na ja su da hira, sannan na maka masa famfo. Biyar suka tsaya lafiya. Na shida, wani Ba'indiye mai ƙiba, tayarsa ta baya ta ɗaga. Na tambaye shi ko yana hawa babur a garinsu, ya ce tun yana saurayi. Na ce ba zai sauka Maƙogwaro a kan keke yau ba, zai tura, jagoran gaba zai jira shi. Ya ɓata rai, mai jarrabawa ya yi rubutunsa.

Sai gangarar. Na shiga a ƙarshe, bakina yana bismillah. Ina ganin jan zaren yana kaɗawa. Mun wuce wurin da Baturen ya kwanta, na fara cewa a raina an tsira, sai matar da ke gabana ta tsorata da wani dutse ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ban yi tunanin komai ba. Hannun hagu ya damƙe gaba ɗaya, irin damƙar shekara tara a titin Zariya. Tayar baya ta ja ƙasa, ƙura ta tashi, dama tana lallaɓa nata a hankali, keken ya tsaya tayata ta gaba tana shafar tata ta baya. Ina zaune kan sirdi. Ramin yana nan ta hagu, ina kallon tsakuwar da na tura tana gangarawa cikinsa. Da birkin yana yadda na ce a bar shi, da ni da ita muna can. Na ce mata cikin muryar da ban san tawa ba ce ta ci gaba a hankali, ba komai.

Na sami takardar. Mudir ya kira ni ofis ya yi min faɗan da ya fi na farko, ya ce da ya san gaskiya a lokacin da ni zai kora. Na ce na sani. Sannan ya tambaye ni inda aka binne tsohon. Na kwatanta masa maƙabartar, amma kabarin ko ni ba zan iya nuna shi ba, nan ba a rubuta suna, dutse ne kawai a kai irin na kowa. Ban haƙurin da na ce sai wani lokaci yana nan a bakina, ban san inda zan kai shi ba sai cikin addu'a. Allah ya yafe wa Kawu kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da rufin asirin da ya yi min da wanda ya fi shi. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, bai bar ɗa a ƙasar nan ba sai ni.

Tsoron bai tafi ba. Kullum muka doshi Maƙogwaro sai yawu ya ƙafe min, kuma na daina fatan ya daina. Farantin yana cikin motar kamfani, baƙi suna dariya in na buga, wasu har hoto suke ɗauka. Satin da ya wuce tayar wani baƙo ta yage kusan a daidai wurin nan. Babban mutum ne, ga rana ta fara zafi, ga mota da nisa. Ya dubi kekena ya miƙo hannu, kuma na ji tarbiyyar gidanmu tana tura ni in ba shi. Na nuna masa farin rubutun. Ya ce shekara ashirin yana hawa keke, ya ce zai kai ƙarata wurin mudir. Na ce ya kai. Na riƙe kekena a dama, nasa a hagu, muka gangara da ƙafa, shi yana zagina da yarensu, ni ina yi wa Kawu addu'a da nawa.